Gwiwar Baba Na'ibi

A cikin Balad, tsohon garin Jidda, idan ka bi lungun masu turare ka wuce gidan nan mai korayen tagogin katako da baƙi suke son ɗaukar hoto a gabansa, za ka ga wani shago da bai yi kama da maƙwabtansa ba. Kowa a lungun turare yake sayarwa, ko dabino, ko carbi da ƙananan fitilun tagulla. Shi kuwa wannan, ɗamarun zakarun kokawar Turawa ne rataye a ƙofarsa, masu faffaɗan ƙarfe mai ruwan zinariya a tsakiya. A ciki akwai riguna masu hoton ƙarti, da hulunan rufe fuska, da 'yan tsanan roba masu ƙwanji jere cikin kwalaye. Larabawa suna ce wa wannan kokawa musara'a. Sunan da aka rubuta a allon shagon Halba, wato dandalin kokawa. Mu Hausawan Jidda shagon Na'ibi muke ce masa, ko da yake Na'ibi bai mallaki ko ƙusa ɗaya a cikinsa ba.

Ni turare nake sayarwa a shagon da yake kallon nasu. Wani abin na gani da idona, wani kuma Baba Na'ibi ne ya ba ni, tsakanin zagi da zagi. Ba ya ba da labari don an tambaye shi. Sai dai ka kawo shayi ka zauna, ka bar shi ya gama kushe shayin, ya kushe Hausarka ta 'yan Jidda, sannan idan ya ga ba ka tashi ba ya fara.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tawa, cikin Nijar. Ya haura sittin, amma har yanzu wuyansa ya fi cinyar wani kauri. A can ɗan kokawa ne, irin waɗanda ake kiɗa wa ganga bayan an gama girbi, ƙauye ya je wa ƙauye. A dokarsu ba sai bayanka ya kwanta ba. Da gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, an kayar da kai. Ya ce tun ranar da ya ɗaura walkin manya gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a gaban wani namiji ba, sai a salla. Ba ni da wanda zan tambaya game da shekarunsa na Tawa. Na Jidda kuwa akwai shaidu, kuma babban shaidan shi ne mutumin da ya fi kowa ƙinsa.

Sunan wannan mutum Abdulghani. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa alhazai ne da suka zo a ƙafa suka zauna, kuma yana da takardar ɗan ƙasa. Shi ne mai shagon, shi ne kuma kafilin Na'ibi, wato wanda iƙamar Na'ibi, katin zamansa a ƙasar, take rataye da sunansa. Idan bai sabunta ta ba, sai Na'ibi ya haɗa kaya.

Asalin shagon ba a Balad yake ba. A Karantina ya fara, unguwar da yawancin iyayenmu suka tashi, tun zamanin kaset ɗin bidiyo. Abdulghani yana saurayi a lokacin, yana ɗaga ƙarfen siminti a bayan gidansu, yana ba da hayar kaset ɗin musara'a a wani ɗaki mai rufin kwano. Wanda ba shi da bidiyo a gida ya zo ya zauna a benci ya kalla. Wata rana bayan la'asar Na'ibi ya shigo, sabon zuwa, yana dako a kasuwar Bab Makka. Ya tsaya a baya yana kallo. Wani ƙato mai jan wando ya hau igiya ya diro a kan abokin karawarsa, ɗakin ya ɗauki ihu, sai aka ji dariya daga baya.

Abdulghani ya tsayar da kaset ɗin ya waiwayo. "Me ya ba ka dariya, ya hammali, ɗan dako?"

"Rawa ce," in ji Na'ibi. "Wancan na ƙasa shi ya buɗe hannu ya tarbe shi. Mata ma sun fi haka a gidan biki."

"Ka san musara'a ne, kai da ka sauko daga raƙumi jiya?"

"Na san faɗuwa. Wanga ba faɗuwa ba ce."

Suka fita waje, jama'a suka bi su. Abdulghani ya tuɓe riga, ya hau benci, ya diro kamar yadda ya gani a kaset. Na'ibi bai buɗe hannu ya tarbe shi ba. Ya kauce kaɗan, ya kama ƙugunsa a iska, ya juya shi ya ajiye a cikin kwatar da take bin gaban ɗakin. Tsofaffin Karantina har yau idan suna lissafin shekarun 'ya'yansu sukan ce an haifi wane bayan Abdulghani ya sha kwata.

Ba a yi wata guda ba Abdulghani ya nemo Na'ibi a Bab Makka ya ce zai ɗauke shi aiki, zai kuma gyara masa takardu a kan sunansa. Mutane suka ɗauka girma ne ya zo masa. Na'ibi bai ɗauka haka ba, amma ɗan dako marar takarda ba ya zaɓen wanda zai rufa masa asiri. Sai da lokacin sabunta iƙama ya zo ya ji sharaɗin. Abdulghani ya rufe ƙofar ɗakin ajiya, ya tuɓe riga, ya ce ba zai sa hannu ba sai sun sake gwadawa.

Haka abin ya zama al'ada. Kowace shekara, kafin a sabunta, sai sun shiga ɗakin ajiya. Kowace shekara Abdulghani yana zuwa da sabon kamu da ya koyo a kaset. Wata shekara ya shafe jikinsa da man zaitun, Na'ibi ya ɗebi garin siminti a hannu ya kama shi. Wata shekara ya shigo da kujerar ƙarfe mai naɗewa, irin wadda ƙartin suke maka wa juna a kai, Na'ibi ya ƙwace ta, ya kayar da shi, ya buɗe ta ya zauna har ya gama nishi. Abdulghani yakan tashi, ya kakkaɓe jiki, ya zage shi da Larabci, ya sa hannu a takarda. Ba su taɓa gaisawa bayan an gama ba.

Na taɓa yin kuskuren cewa wannan ai abota ce a ɓoye. Baba Na'ibi ya ajiye kofin shayi ya dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ya ba ni labarin shekarar da uwarsa ta kwanta ciwon ajali. Fasfonsa yana cikin aljihun teburin Abdulghani. Ya roƙi izinin tafiya, Abdulghani ya ce kasuwa ta buɗe, ya bari sai bayan salla. Bayan salla ya ce sai sabon kaya ya iso. Kafin a ba shi fasfon har an yi sadakar arba'in a ƙauye, ya mayar masa da shi bai tafi ba. A ɗakin ajiya na wannan shekarar ya karya wa Abdulghani ƙashin kafaɗa.

"Na ji lokacin da ya karye," in ji shi. "Ina iya sakinai kafin nan. Ban saki ba. Abota ka ce?"

Shagon kuwa yana ta girma a tsakaninsu. Daga hayar kaset aka koma sayar da hotunan bango, sannan riguna, sannan 'yan tsana da wani ɗan'uwan Abdulghani yake turowa ta jirgin ruwa. A zamanin ba a son hoton ƙirjin namiji a buɗe cikin kasuwa, don haka kowane kwali sai an bi shi da baƙin alƙalami an yi wa ƙaton riga. Aikin Na'ibi ke nan da safe. Idan ya zo kan mai jan wandon nan, gwanin Abdulghani, sai ya ƙara masa da ɗankwali da 'yan kunne. Yaran unguwa suka fi son waɗannan kwalayen, suka riƙa nemansu musamman, Abdulghani ya rasa yadda zai hana.

Na'ibi ne ya san abin da yara suke so, shi ya san wace ɗamara za ta ɓare cikin mako ya ƙi karɓarta daga mai kawowa, shi yake ɗinke hulunan da suka zo da tsaga. Duk da haka bai taɓa sayar da abu ba tare da ya kushe shi ba. Yaro ya ɗauki ɗan tsana yana rawar jiki, Na'ibi ya ce masa, "Ka zaɓi maƙaryaci mai kyau." Abdulghani ya taso daga bayan kanta yana rantsuwa cewa ya ga jini da idonsa a kaset, ya ga an ɗauki mutum a gadon asibiti. Na'ibi ya ce jinin tumatir ne. Masu sayen suka saba, wasu ma don faɗan suke zuwa.

Da kaset ya mutu, faifai ma ya bi shi, Abdulghani ya kama wannan shago na Balad. Lokacin lungun ba kowa sai kyanwoyi da gidajen da aka tokare da katako don kada su faɗi, haya kuma ba tsada. Aka ce ya haukace. Sai ga shi an gyara Balad, an sa fitilu, an shimfiɗa dutse, jiragen ruwa suna sauke baƙi masu gajeren wando, ana zagayawa da su a ƙananan motocin lantarki. Sannan ƙartin da Abdulghani ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallo a kaset, 'ya'yansu da almajiransu suka fara zuwa Jidda da kansu suna wasa a babban filin ƙwallo. A makon wasan ba ka samun wurin tsayawa a Halba. Abdulghani ya je ya kalla, ya dawo murya a dushe, ya ce wa Na'ibi yau ya gani ido da ido, ba kaset ba. Na'ibi ya tambaye shi ko an raba tumatirin ga 'yan kallo.

A cikin waɗannan shekaru Na'ibi ya auri Dela, wata 'yar Maraɗi mai sayar da fura a Karantina, suka haifi 'ya ɗaya, Rahila. Dela ta rasu an binne ta a Jidda. Da aka rushe Karantina, ɗakin ajiyar nan da kwatar da komai suka zama fili, Na'ibi ya koma ɗaki ɗaya a gidan mijin Rahila a unguwar Madain Fahd, inda jikokinsa suke hawa wuyansa. A ƙauyensu ba wanda ya rage da zai gane fuskarsa. Ya sha faɗa mini cewa idan aka fitar da shi daga Jidda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

A shekarar da ta biyo bayan rusau ne Abdulghani ya yanke jiki ya faɗi a banɗakin gidansa na unguwar Safa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar. Ya ba babban ɗansa Raed wakilcin shago. Amma bai yarda ya zauna a gida ba. Kullum bayan azahar sai an turo shi a keken guragu an ajiye shi kusa da kanta, yana kallon Na'ibi da ido ɗaya mai kyau.

Raed ya yi karatun kasuwanci, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Tun yana ƙarami yake ganin ubansa yana dawowa gida sau ɗaya a shekara yana ɗingishi, uwarsa tana gasa masa baya da ruwan zafi. Bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba. A shekarar farko ya sabunta iƙamar ba tare da magana ba, don yanzu a waya ake yi, dannawa ce kawai. A ta biyu, ana saura kaɗan ta ƙare, ya sa aka kawo wata katifa mai kauri da igiyoyi ja aka kafa a bakin shagon.

Ina shara a ƙofata na ji Raed yana magana da Na'ibi, wanda yake kira Ammu, wato baffa.

"Ammu Na'ibi, riga da ɗan tsana kowa yana saye a waya yanzu, har da rahusa. Baƙo abin da zai nuna wa mutanen garinsu yake nema. Za ka sa hula, ka tsaya a nan. Baƙo ya kama ka, ka faɗi, ya ɗora ƙafa a ƙirjinka, ya ɗaga ɗamara, a ɗauke shi hoto. Halas, shi ke nan."

"Ya ɗora mi?"

"Ƙafa. Zai cire takalmi."

"To madalla, tunda zai cire takalmi." Na'ibi ya ci gaba da jera riguna. "Ka samo wani."

"Zan samo. Akwai yara da yawa masu jiki da za su yi, ba su da tsada, ba su da baki. Amma shago ba zai riƙe mutum biyu ba. Ko katifa, ko in buga maka takardar fita ta ƙarshe, ka bar ƙasar."

"Ubanka ya san da wanga?"

Raed ya nuna keken da haɓa. "Ga shi nan. Tambaye shi."

Abdulghani yana dariya da rabin bakinsa, miyau yana bin gefen gemunsa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna katifar, ya nuna Na'ibi, ya kifar da tafin hannunsa a kan cinya. Da ƙyar ya haɗa kalmomin. "Zan gani. Kafin in mutu."

Kwanakin da suka biyo baya Baba Na'ibi bai kushe shayina ba, abin da ya sa na san al'amarin ya kai inda ya kai. Na ce masa ai wasa ne, fuskarsa ma a rufe take, ba wanda zai san shi ne. Ya ce shi zai sani. Can kuma ya yi mini bayanin abin da ban taɓa ji ba. A wurinsu, faɗuwar farko tana da mai ita. Ɗan kokawar da ba a taɓa kayarwa ba, ranar da aka kayar da shi, sunan wanda ya kayar da shi yana manne da nasa har kabari. Makaɗa ba za su ƙara kiran sunansa shi kaɗai ba, sai sun haɗa da na wancan. Shi ya sa manyan da suka ga ƙarfi yana barinsu sukan duba a cikin abokan karawarsu su zaɓi wanda za su ba, tun kafin wani ɗan tsurut ya tsince ta a banza.

"Ni kuma in ba wani jan kunne da ban san sunan ubanai ba," in ji shi, "ya sa ta a waya ya tafi da ita ƙasarsu."

"To ka ƙi mana, Baba."

"In ƙi, in tafi ina? Kai za ka riƙa kai wa kabarin Dela ziyara?"

Na ƙara masa shayi.

Ranar da aka buɗe katifar ta faɗo a makon babban wasa, kuma jirgin ruwa ya sauke baƙi da safe. Bayan la'asar lungun ya cika. Raed ya kunna kiɗan shigowar ƙarti a lasifika, ya tsaya da ɗamara a kafaɗa yana kiran mutane da Turanci. An turo Abdulghani har bakin ƙofa, an gyara masa hula, don kada komai ya wuce shi. Wasu 'yan Nijar masu dako da suka ji labari suka tsaya daga nesa, hannu a ƙirji.

Na'ibi ya fito da jar hula mai ƙahon zinariya a fuskarsa, ya ɗaga igiya ya shiga. Na farko a layi wani Bature ne mai fara'a, rana ta ƙona masa hanci, matarsa tana riƙe da waya. Ya cire takalmi ya ajiye a gefe cikin ladabi, ya hau katifa, ya buɗe hannuwa yana dariya.

Na'ibi ya juya masa baya. Ya cire hular ya yar, ya fuskanci keken. Ya buga ƙafa a katifa, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya fara kirari da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya kira sunan ƙauyensu, ya kira sunan uwarsa, ya ce shi ne kututturen da ambaliya ta zagaye ta wuce. Baƙi suka ɗauka cikin wasan ne, suka ɗaga wayoyi. Sai ya sauke murya ya koma zagi.

"Ɗan bidiyo. Mai shan kwata. Shekara nawa kana shafa mai kana faɗuwa? Yanzu ka samu keke ka ɓoye a ciki, ka aiko yaro da Bature su yi maka aikinka. In kai namiji ne matso."

Raed ya kashe kiɗan. "Ammu, ka ji kunya mana. Mutum ne marar lafiya."

"Ba da kai nike ba. Ubanka ya san lokacin sabuntawa ya yi."

Abdulghani ya daki hannun keken. "Tura ni."

"Abuya," in ji Raed, wato Baba.

"Tura ni, ya walad."

Raed ya tura shi har tayoyin suka taɓa katifa. Na'ibi ya sunkuyo ta saman igiya ya kawo wuyansa kusa, kamar yadda 'yan kokawa suke haɗa kai kafin kamu. Abdulghani ya kai hannun hagu ya damƙi wuyan rigarsa. Na ga jijiyoyin hannun sun tashi, na ga fuskarsa ta yi baƙi don ƙoƙari. Ya ja da duk abin da ya rage masa, wanda ba zai iya jan ƙofar shago ba. Na'ibi ya tsaya yadda yake na ɗan lokaci, yana kallonsa cikin ido. Sannan ya lanƙwasa ƙafar dama a hankali, ya sa gwiwarsa a ƙasa. Ba a kan katifar ba ma. Ya zura ta ta ƙarƙashin igiya ya ajiye ta a kan dutsen lungu.

Baƙi suka yi tafi. Matar Baturen tana share ido. 'Yan dakon nan suka juya suka tafi.

Abdulghani bai saki rigar ba. Kalmar farko da ta fito ta Larabci ce, kazzab, maƙaryaci. Sannan ya ce, "Da gangan. Ka faɗi da gangan."

"Gwiwa ta taɓa," in ji Na'ibi. "Taka ce. Ka riƙe."

"Ƙarya ce. Ban ja ka ba. Kai ka kai kanka."

"Ashe kana gane ta." Na'ibi ya ɓamɓare yatsun daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe. "Tun kana da gashi kake kallon irinta a kaset kana rantsuwa da Allah. Yau da aka yi maka ita a hannu ka gane."

Ya juya wurin Baturen, wanda har yanzu yake tsaye ba takalmi, ya yafuto shi da hannu. "Yalla, zo. Saura duk na banza ne. Zo ka taka."

Baturen ya matso yana murmushi. Abdulghani ya fizgi ɗan tsana daga kan kanta ya jefe shi da shi, ya same shi a gwiwa. Mutumin ya ja da baya yana duban Raed.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Abdulghani. Maganar tana fita a karkace amma kowa ya ji ta. "Nawa ne. Ban kayar da shi ba tukuna. Ɗauke katifar nan."

Raed ya durƙusa kusa da keken yana magana ƙasa-ƙasa da Larabci, yana nuna layin mutane, yana nuna igiyoyin da ya sa aka yi. Uban ya ce masa shagon da sunan wa yake. Raed ya ce da sunan uban. Uban ya ce to gobe da safe a kai shi ya soke wakilcin, ko kuma a fito da waya yanzu a sabunta iƙamar Na'ibi a gabansa. Raed ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe bai dubi Na'ibi ba. Ya fito da wayar ya yi danne-dannensa, ya juya fuskarta ga ubansa, sannan ya shige ciki ya bar baƙin a tsaye.

"Shekara ɗaya," Abdulghani ya ce wa Na'ibi. "Baɗi zan tashi. Ka ci abinci."

"Ka fara koyon riƙe cokali."

Hoton bidiyon ya zagaya wayoyin 'yan Nijar na Jidda kafin magariba, ya kai har Tawa. Yanzu idan an ambace shi sai a ce Na'ibi na Abdulghani, wasu kuma su ce wanda mai keke ya kayar. Ya daina zuwa inda mutanen ƙasarsu suke taruwa ranar Juma'a. Rahila ta zo shagon ta yi wa Raed tatas, ta haɗa da ubanta, ta ce tsofaffi biyu sun mayar da kansu abin kallo. Raed ya sayo wani ƙaton mutum-mutumi na yadi cike da auduga, shi baƙi suke takawa yanzu, a can ƙarshen lungu inda ubansa ba ya hangowa. Ba ya yi wa Na'ibi magana sai ta bakin wani.

Abdulghani, wanda da ya ƙi zuwa wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki, yanzu shi yake tashin direba. An ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa da hannun da ya shanye. Yana zaune kusa da kanta yana matsa ta, idonsa a kan wuyan Na'ibi. Yatsu biyu sun fara motsi.

Faɗan nasu bai ragu ba, sai dai ya juya. Jiya wani yaro Balarabe ya zo sayen ɗamara da ubansa, ya ga tsohon hoton Na'ibi da walki da aka liƙa a bango, ya tambaya ko wannan baban an taɓa kayar da shi.

"Sau ɗaya," in ji Na'ibi. Ya nuna keken da kwalin da yake hannunsa. "Wancan ne."

"Ƙarya yake yi," in ji Abdulghani. "Ba a taɓa ba."

Yaron ya dubi wannan ya dubi wancan. Na'ibi ya naɗe ɗamarar ya sa a leda ya miƙa masa, ya ce kada ya bari ruwa ya taɓa ta, zinariyar fenti ce.